Ƙaramin babur mai ƙafa huɗu na aikin gona: tambayoyi da amsoshi kan ƙarkonsa

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi fitowa daga bakin masu gona, masu lambu da masu kiwo da ke shawarar sayen ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, ko waɗanda suka riga suka saya suna neman yadda zai daɗe a hannunsu. Na fi kafa misali da Honda Recon da yayansa FourTrax 300, domin su ne ake auna sauran da su idan zancen ƙarko ya taso.

Wane irin abin hawa ake nufi, kuma me ya raba shi da na wasa?

Babur ne da ake hawa a ɗare kamar kowane babur, yana da kai irin na babur, amma tayoyinsa huɗu ne, masu faɗi da laushi. Na aiki yana da maɗaurin kaya na ƙarfe gaba da baya, da wurin maƙala ƙaramar tirela, da giyar baya. Na wasa kuwa, wanda matasa ke tsere da shi a yashi, galibi ba shi da maɗaurin kaya da wurin maƙala tirela, kuma yawanci sarƙa ke jan sa. Asalinsu mai ƙafa uku ne, wanda Honda ta fitar a 1970. Suzuki ce ta fara kawo mai ƙafa huɗu a farkon shekarun 1980, sannan a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan kifewa da mutane.

Idan aka ce ƙarami, ana nufin mai inji daga sisi (cc, ma'aunin girman inji) 200 zuwa wajen 400. Recon sisi 229 ne, wato ya ninka Boxer ɗin 'yan acaɓa sau biyu da ɗoriya, nauyinsa kuma kusan kilo 200.

Me ya sa ba a zancen ƙarko sai an ambaci FourTrax 300?

Saboda an daina ƙera shi tun shekarar 2000, amma har yau yana aiki a gonakin Amurka. An fara shi a 1988, ke nan autansu ma ya haura shekara ashirin. Sirrinsa kuwa ba wani abin mamaki ba ne: babu abin lalacewa da yawa a jikinsa. Inji ne mai silinda ɗaya, sisi 282, iska ke sanyaya shi, ba lagireto ba tiyon ruwa. Giya biyar ce ta haƙori da ake takawa da ƙafa, ba bel. Sandar ƙarfe ce a rufe cikin kwanso take kai ƙarfin inji ga tayoyi, ba sarƙar da yashi zai ci ba. Kuma an ƙera injin ne ya yi ƙarfin ja a hankali, ba ya yi gudu ba, don haka bai taɓa aiki a bakin iyakarsa ba.

Recon, wanda ya fito a 1997, ya gaji wannan tsari, har ya ƙara da abu ɗaya: an kwantar da injinsa a tsawon babur ɗin, ta yadda juyawarsa ke tafiya kai tsaye cikin sandar baya ba tare da yawan kwana ba. Yana da sitata, yana kuma da igiyar ja irin ta janareto idan batir ya mutu. Wanda ya taɓa maƙalewa a ƙarshen gona da magariba ya san darajar wannan igiya.

To shekara nawa zan yi da shi kafin a buɗe injin?

Ba da shekara ake lissafinsa ba, da awa ake yi, kamar tarakta. Babur ɗin da ke zagayen gona awa ɗaya a rana da wanda ke jan tankin ruwa tun safe har la'asar ba tsufa ɗaya suke yi ba, ko da rana ɗaya aka saye su. Sannan abin da ke fara gajiya ba injin ba ne: boris ɗin taya ne, da robobin gaɓoɓin ƙafa, da takalmin birki, da wayoyin totur da na birki, da batir. Waɗannan kayan canji ne, lalacewarsu ba ta nufin babur ya mutu. Injin da ya mutu da wuri, kusan kullum za ka tarar ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya kashe shi: ƙura, ruwa, ko ƙarancin baƙin mai. Kowannensu yana da amsarsa a ƙasa.

A ƙasa irin tamu, me ya fi saurin kashe shi?

Ƙura, babu ko tantama. Babur ɗin gajere ne, tayoyinsa huɗu suna tayar da ƙasa, kuma iskar da inji ke shaƙa daga ƙarƙashin kujera take shiga, daidai inda ƙurar ke taruwa. Ƙasar da ta wuce matatar iska ta shiga silinda, aikin sanfefa take yi: tana goge zoben fistin da bangon silinda da bakin bawul kaɗan-kaɗan. Ba za ka ji komai ba wata da watanni, sai wata safiya ka ga shuɗin hayaƙi daga salansa, baƙin mai yana raguwa, tashi kuma ya fara wuya.

Matatar waɗannan babura soso ce, kuma soson ba ya tare ƙura sai an jiƙa shi da mai. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: a cire, a kaɗe a jikin taya, a mayar a bushe. Busasshen soso rariya ce kawai. Yadda ake yi shi ne a wanke da kananzir ko ruwan sabulu, a matse ba tare da murɗawa ba, a bar shi ya bushe sarai, a zuba masa man matata ya ratsa ko'ina, a matse rarar, sannan a shafa giris siriri a bakin da yake zama don kada ƙura ta bi ta gefe. Kafin ka mayar, ka zura yatsa cikin bututun da ke tafiya kafireto. Idan yatsan ya fito da gari, ƙura ta riga ta fara wucewa.

Littafin babur ɗin da kansa ya ce a yawaita wannan aiki a wuri mai ƙura. A lokacin hunturu, ni shawarata a duba duk mako, in kuma ana bin bayan garken shanu ko wata mota a burji, to duk kwana biyu. Ka sayi soso biyu, ɗaya na ciki ɗaya na shanya.

Wane baƙin mai ya dace, kuma yaushe ake juye?

Jadawalin Honda ya ce juyen farko bayan awa 20 ko kilomita 150, daga nan kuma duk awa 100 ko kilomita 1,000, wanda ya riga zuwa. A ƙura da zafi da jan kaya, kada ka jira cikar awa ɗarin. Man da ke cikin injin Recon bai kai lita biyu ba, kuɗinsa bai kai na zoben fistin ba.

Man babur za a zuba, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, ba na mota ba. Dalili shi ne kulocin waɗannan babura a cikin baƙin mai yake wanka, man mota na zamani kuwa yana da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa. Kaurin man ya danganta da zafin gari, akwai jadawalinsa a littafin. Kuma akwai mai na biyu da ake mantawa da shi: man giya da ke cikin ƙwaryar gatarin baya. Kaɗan ne, amma idan ya ƙare ko ruwa ya shige shi, gyaran ya fi na inji tsada. Duba amsar da ke kan tsallake rafi.

Mai sanyaya da iska zai jure zafin bazara kuwa, ko gara mai lagireto?

Zai jure, muddin yana tafiya kuma haƙarƙarin silindarsa ba su toshe da busasshen taɓo ba. Abin da ba ya so shi ne jan kaya mai nauyi a giya ɗaya cikin yashi da tsakar ranar Afrilu, ko a bar shi a kunne a tsaye ana hira. Idan aikinka irin wannan ne, kamar feshi a hankali awa uku, to mai lagireto da fanka ya fi, irin su Honda Rancher 420 ko Yamaha Kodiak 450. Sai dai ka san ka ƙara wa kanka abubuwan kula: lagireton yana gaba ne ƙasa-ƙasa, ƙaiƙayi da taɓo suna cika shi, ga fanka da famfon ruwa da tiyo.

Kaya nawa zan iya ɗora masa?

Ƙasa da yadda idonka ke gaya maka. Recon, kilo 15 aka yarje wa maɗaurin gaba, kilo 30 na baya, tirelar da zai ja kuma kimanin kilo 225 har da nauyin ita tirelar. Wato buhun taki ɗaya mai kilo 50 ya fi ƙarfin maɗauran biyu a haɗe. Na san za a ce ai an ga wanda ya ɗora buhun masara ya tafi lafiya. Zai tafi, amma shokozoba da boris ɗin gatarin baya da waldar maɗaurin su ke biyan bashin, kuma gaban babur ɗin yana sauƙi har ya ɗaga a hawan tudu. Kaya mai nauyi a tirela ake sa shi, ba a bayan kujera ba.

Shi ba tarakta ba ne. Zai ja amalanken ciyawa, jarkokin ruwa, injin ban ruwa, ko ƙaramin tankin feshi. Huɗa da garma a busasshiyar ƙasa kuwa hanyar ƙona kuloci ce. Kuma kujerar, duk tsawonta, ta mutum ɗaya ce. Amsar da ke kan kwalta ta bayyana dalili.

Giyar ƙafa, giyar maɓalli ko mai bel, wacce ta fi ƙarko?

Giyar ƙafa. Ba ta da hannun kuloci, kana sassauta totur ka taka kawai, kuma babu lantarki a cikin lamarinta. Giyar maɓalli, wadda Honda ke wa alama da ES, ita ma giyar haƙorin ce, amma ƙaramin moto da na'urar gane matsayin giya ne ke yin aikin ƙafarka. Tana da daɗi ga dattijo ko mai ciwon gwiwa, sai dai idan batir ya yi sanyi ko na'urar ta sha ruwa, giya na iya ƙin shiga. Shi ya sa ake haɗo ta da ɗan ƙarfen canza giya na gaggawa a cikin kayan aiki. In za ka sayi na hannu, ka tambayi wannan ƙarfe.

Mai bel shi ne tsarin yawancin Yamaha, Polaris da na China: totur da birki kawai. Bel ɗin kayan canji ne, kuma abin da ke cinye shi da wuri shi ne jan kaya a babbar giya. Duk sanda za a ja nauyi, ko hawan tudu, ko tafiyar hawainiya, a sa ƙaramar giya. Warin ƙonanniyar roba alama ce ta bel yana zamewa. Mai irin wannan babur ya ajiye sabon bel a gida tun kafin ya buƙace shi.

Mai jan taya biyu ya isa, ko sai mai jan huɗu?

A jigawa da burji da hanyar gona, mai jan biyu irin Recon ya wadatar, kuma ya fi sauƙin riƙo domin ba shi da ƙwaryar giya da sandunan gaba. Fadama da gonar shinkafa da gangaren dutse su ke bukatar mai jan huɗu. Raunin wannan yana cikin robobin da suka rufe gaɓoɓin sandunan gaba. Kututturen kara ko ƙaya ya huda robar, giris ya fita, yashi ya shiga, cikin 'yan makonni sai ka fara jin ƙas-ƙas idan ka karya kwana. Leƙa su duk mako. Roba mai araha ce, sandar kuwa sai an yi odarta.

Zan iya tsallake rafi da shi da damina?

Ruwan da bai wuce wurin taka ƙafa ba, a hankali, babu laifi. Wanda ya wuce haka yana neman hanyar shiga ta bututun numfashi na inji da na gatari, da cikin gangar birki. Bayan kowace shiga ruwa mai zurfi a zaro sandar gwajin mai a duba: idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a juye nan take, a sake juyewa bayan ɗan gajeren aiki har sai ya fito da kalarsa. A duba man gatarin baya ma. Gangar birki tana da ƙusar tsiyaye ruwa a ƙasanta, a kwance ta.

Idan kuwa ya nutse har ya mutu a cikin ruwa, kada a taɓa sitata. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, bugu ɗaya zai iya lanƙwasa sandar fistin. A tura shi waje, a cire fulogi, a juya injin ya feso ruwan, a tsiyaye akwatin matata da kafireto, a canza mai, sannan a gwada. Wajen wanki kuma, a guji harba ruwan injin wankin mota a kan boris da mahaɗar wayoyi.

Me ya sa tayoyin ke saurin lalacewa, kuma iska nawa ake ba su?

Iskar da suke so ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tsakanin 3 zuwa 5 a ma'aunin da ake ba tayar mota 30 zuwa 35. Ainihin adadin yana rubuce a jikin babur ɗin. Gejin mai faci na bakin titi ba ya ma motsi a wannan adadi, shi ya sa ake haɗo babur ɗin da ɗan gejinsa na musamman.

Na taɓa aika yaro da taya wurin wani mai faci, ya dawo da ita ta yi tauri kamar ƙwarya, mai facin ya ce ya ga ba iska ko kaɗan shi ya sa ya cika ta. Da na ɗaura ta, babur ɗin ya riƙa ja gefe guda yana tsalle a kan kowace kunya, domin wannan tayar ta fi 'yar'uwarta girma, gatarin baya kuma guda ne. Tun daga ranar da kaina nake tsayawa. Taya mai yawan iska tana cinyewa ta tsakiya, ƙaya ta fi saurin huda ta, sannan duk girgizar da ya kamata ta shanye sai ta miƙa wa boris da shokozoba. A dajin da aduwa da farar ƙaya suka yi yawa, a zuba ruwan toshe huji a cikin tayoyin tun suna sababbi, a kuma riƙe igiyar faci irin ta taya marar tub da ƙaramin famfon hannu.

Na ajiye shi wata uku bayan girbi, yanzu ya ƙi tashi. Injin ne?

Da wuya. Fetur ɗin da ya kwana a kafireto ne ya bushe ya bar danƙo ya toshe ƙananan ramukan, ko batir ya sauka. Wankin kafireto da sabon fetur sukan gama maganar. Nan gaba, kafin ajiya a rufe makunnin mai, a bar injin ya shanye abin da ke cikin kafireto har ya mutu da kansa, a cire kan batir, a toshe bakin salansa da na akwatin matata saboda ɓera da zanzaro. Kada a manta a cire toshiyar ranar tashi.

Man 'yan bumburutu kuma a tace shi da kyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. Mai kafireto yana yafe dattin mai, duk makaniken babur zai iya wanke shi a gindin bishiya. Sababbin da kwamfuta ke fesa wa mai, kamar Rancher 420 tun daga 2007, sun fi saurin tashi da tsimin mai, amma famfonsu ba ya jure ruwa da datti, kuma ba kowane gari ake samun mai gyaransa ba.

Zan iya hawa kwalta da shi, in kai yara makaranta?

A'a, duka biyun. Gatarin baya sanda ɗaya ce, tayoyin biyu dole su juya tare. A ƙasa, ta ciki tana ɗan zamewa a kwana, komai ya tafi daidai. A kwalta ba ta samun zamewa, sai babur ya nemi miƙewa ko ya ɗaga ƙafa ya kife, ga taya na cinyewa, ga gatari na shan wahala. Tsawon kujerar kuma don matuƙi ya riƙa matsawa gaba a hawa, baya a gangara aka yi shi; fasinja yana hana wannan.

Masu ƙera shi sun ce wanda bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa na manya, kuma a sa hular kwano. A Ostareliya, inda manoma ke amfani da shi sosai, mutuwar da kifewarsa ke jawowa ta sa gwamnati ta wajabta sanya masa sandar kariya daga Oktoban 2021, har Honda da Yamaha suka gwammace su daina sayar da irinsa a can. Kilo 200 ne ke danne ƙirjin mutum.

Me zan duba idan zan sayi na hannu?

Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, domin mai sayarwa ya san ɗumammen inji yana ɓoye hayaƙi da wuyar tashi. Buɗe akwatin matata ka yi gwajin yatsan da aka ambata a amsar ƙura. Dubi kalar mai, na inji da na gatari. A ɗaga kowace ƙafa a girgiza tayar, sama da ƙasa, hagu da dama. A shiga duk giyoyin har da ta baya. Ka kwanta ka leƙa ƙasan firam ɗin: sabon fenti a wuri ɗaya, ko waldar da ba ta kamfani ba, ko maɗaurin kaya da ya karkace, labarin kifewa ne. Busasshen taɓo a cikin fitila ko ƙarƙashin tanki yana nufin ya taɓa nutsewa.

Shekararsa kuma kada ka karɓa daga baki. Lambar firam tana da harafi da lamba 17, na goma shi ke nuna shekara: X ita ce 1999, Y 2000, lamba 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, B 2011, haka har gaba, sai dai ana tsallake I, O, Q, U da Z. Robar jiki mai sheƙi ba shaida ba ce, ana sauya ta. Wurin taka ƙafa da robar hannu da suka shafe su ke faɗin gaskiyar aikin da ya yi.

Na China fa? Kuma ina zan sami kayan gyara?

Na China ba kala ɗaya ba ne. Akwai manyan kamfanoni irin CFMoto da ke sayarwa har Turai da Amurka, akwai kuma marasa suna, masu inji sisi 110 zuwa 200 da sarƙa, waɗanda don wasan yara da zagayen gida aka yi su. Waɗannan na biyun injinsu kan yi kama da na ƙananan babura da ke kasuwa, don haka fistin da kafireto ba sa wuyar samu, amma firam da gaɓoɓin ƙafa da wayoyinsu ba sa ɗaukar aikin gona. Ƙusoshi suna kwancewa, walda tana tsagewa.

Kayan gyara kuwa shi ne abin da ya kamata a fara tambaya tun kafin farashi. Fulogi, batir, boris da silin mai na taya ana iya dacewa da su a kasuwar kayan babur ko ta mota idan ka je da tsohon a hannu, domin lambarsu a jiki take. Matatar iska, takalmin birki, wayar totur, robobin gaɓa, bel da tayoyi kuwa sai an yi oda daga waje, kuma makonni ake jira. Ka haɗa waɗannan a sayayya ɗaya da babur ɗin, ka sauke littafin gyaransa daga intanet ka buga wa makanikenka shafukan da ke da zane da ma'aunin bawul, sannan ka rubuta lambar firam ɗin a wayarka, da ita ake odar kowane kaya.